Kowa Ya Zuba Kaɗan: Alhakin Yana Wuyan Wa?

Muna da wata tambaya da za mu ajiye a gabanku a wannan fitowa, ba kuwa mai sauƙin amsa ba ce. A ce mutum goma suna zaune kewaye da rijiya guda. Kowannensu yakan zuba wani abu a cikinta, amma abin da yake zubawa bai kai ya cuci ko ɗan tsako ba. Likita ya auna rabon kowa dabam, ya ce ba komai. Alƙali ya duba doka, ya tarar ba wanda ya ƙetare iyaka. Ana nan, yaron da yake shan ruwan rijiyar kullum ya soma ramewa, bayan 'yan shekaru ƙodarsa ta lalace. Su goma ɗin duka sun fita a gaban shari'a, yaro kuwa yana kwance. To, alhakinsa yana wuyan wa?

Kada wani ya ɗauka wannan wasa ƙwaƙwalwa ne irin na ɗaliban falsafa. Wanda ya san Kano ya san rafin Jakara, wanda yake kwashe ƙazamin ruwan tsohon birni da na mayanka ya nufi arewa maso gabas da shi. A kan hanya rafin Getsi yakan same shi, ɗauke da abin da masana'antun Bompai suka zubar, su gangara tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai. A kudancin birnin kuma, shekara da shekaru ruwan masana'antun Sharaɗa da na Challawa yana malala zuwa kogin Challawa. Masu jimar fata ta zamani suna aiki da gishirin kuromiyam, masaƙu suna da rininsu, masu fasa tsohon batir suna da dalmarsu, makanikai suna da baƙin mansu. A bakin waɗannan rafuka kuwa lambuna ne, inda ake noman latas da kabeji da alayyahu da karas da rani. Masana daga jami'o'in ƙasar nan sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyayen, sun kuma sha samun kuromiyam da dalma da kadmiyam a cikinsu. Da yawa daga masana'antun sun rufe, amma ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye. Yana nan kwance cikin laka. Mai lambu kuma ya zo ya ƙara nasa feshin a kai. Abin da ya isa tukunyar miya a ƙarshe, hannu ɗari ne suka haɗa shi, ba kuwa wanda ya san ɗan'uwansa a cikinsu. Mun ambaci Kano don misali ne kawai, gama duk garin da yake da kwata a sama da lambu a ƙasa yana da tasa Jakarar.

Kafin mu kai ga shari'ar lamiri, wajibi ne mu fahimci yadda masana suke auna haɗari, domin wanda bai san yadda aka ƙera ma'auni ba, ba zai gane inda ma'aunin ya gaza ba. Tun ƙarni na 16 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus ya koyar cewa yawan abu shi ne yake mai da shi guba. Gishiri kaɗan yana gyara miya, mai yawa yana kisa. A kan wannan tushe aka gina aikin duka. Akan ɗauki sinadari guda a ba dabbobin gwaji, galibi ɓeraye, a mataki dabam-dabam, har a gano adadi mafi yawa wanda bai nuna wata illa ba. Sai a raba wannan adadi gida 10, saboda mutum ba ɓera ba ne. A sake raba shi gida 10, saboda mutane ma ba ɗaya suke ba, akwai jariri, akwai tsoho, akwai mai ciki, akwai marar lafiya. Wasu masana biyu na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ne suka gabatar da wannan dabara ta rabawa gida 100 a shekarar 1954. Daga irin wannan lissafi ake fitar da iyakokin da muke ji, cewa ruwan sha kada ya ɗauki fiye da kaza, wake kada ya ɗauki fiye da kaza. Aiki ne na hankali da haƙuri, ya kuwa ceci rayuka masu yawa, ba mu da niyyar rena shi. Sai dai ɓeran da aka yi gwajin da shi guba ɗaya tak aka ba shi, ruwansa mai tsabta ne, abincinsa cikakke, ba ya zazzaɓi, ba ya shaƙar hayaƙin kowa.

Jikin ɗan Adam kuwa ba ya karɓar baƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Mu dubi yinin mace guda a cikin unguwanninmu. Da asuba ta shaƙi hayaƙin itace a madafi. Da rana ta dafa waken da ɗan kasuwa ya adana da maganin ƙwari, ta sa ganye daga lambun bakin rafi, ta sa gandar da aka babbake da tsohuwar taya. Da yamma janaretan maƙwabci yana huci a gindin tagarta. Da dare a yayyafa ota-piya-piya a ɗaki saboda sauro, a rufe ƙofa. Duk waɗannan hanta ɗaya ce za ta tace su, ƙoda biyu za su fitar da su.

Wani zai ce, to, me ya hana masana su gwada su a haɗe? Lissafi ne ya hana. Wani bincike da aka buga a shekarar 2020 ya ƙirga sinadarai da haɗe-haɗensu fiye da 350,000 da aka yi wa rajista domin sarrafawa da amfani a duniya. Mu bar wannan, mu ɗauki guda 1,000 kawai. Idan za a gwada su biyu-biyu, gwaji 499,500 ke nan. Idan uku-uku ne, ya haura miliyan 166. Gwaji ɗaya na neman ko abu yana haddasa sankara a jikin ɓera yakan ci shekara 2. Ba kuɗin da zai isa, ba kuma tsawon ran da zai kai. Saboda haka dole masana suka koma neman ƙa'idar da za ta faɗa musu yadda gubobi suke yi sa'ad da suka gamu.

Ƙa'ida ta fari, wadda kuma ta fi yawan aukuwa, ita ce tarawa. Idan sinadarai suna bugun gaɓa ɗaya ta hanya ɗaya, jiki yana karɓarsu kamar abu guda ne aka ƙara masa yawa. Ga yadda ake lissafin, ba kuwa ya fi ƙarfin ɗan firamare ba. A raba abin da aka samu na kowane sinadari da iyakar da aka sa masa, sa'an nan a tara. A ce ruwan rijiya yana da abu biyar masu taɓa ƙoda, kowanne yana kashi 30 cikin 100 na iyakarsa. Takardar gwaji za ta nuna layi biyar, kowane layi ya ci jarrabawa. Amma 30 sau biyar 150 ne, wato ruwan ya wuce iyaka da rabi. A shekarar 2002 wasu masana a Landan, ƙarƙashin Andreas Kortenkamp, suka nuna wannan ƙiri-ƙiri. Suka ɗauki sinadarai 8 masu kwaikwayon istrojin, wato sinadarin da yake tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace, suka sa kowanne a adadin da shi kaɗai ba a iya ganin aikinsa a ƙwayoyin yistin da suke gwaji da su. Da suka haɗa takwas ɗin, sai aiki ya bayyana sarai, daidai kuma da abin da lissafin tarawa ya nuna tun kafin gwajin. Ashe abin da ake kira “ba komai” ba sifiri ba ne, ƙarami ne kawai da idon ma'auni bai kai gare shi ba. Kakanninmu da suka ce da yayyafi kogi kan cika sun riga ɗakin gwaje-gwaje sani.

Wannan fahimta ta shiga doka a wasu ƙasashe. A shekarar 1996 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa hukumar kare muhalli ta ƙasar ta riƙa tara magungunan ƙwari masu aiki iri ɗaya a jiki, ta auna su tare, ta kuma ƙara wani ragi har gida 10 saboda jarirai da ƙananan yara. Dangin da aka fara da su su ne waɗanda ake kira oganofosfet, masu toshe wani sinadari da jijiya take bukata domin ta saki bayan ta isar da saƙo. Diklobos, wanda ake yawan samu a cikin ota-piya-piya da cikin buhunan wake, ɗan wannan dangi ne.

Akwai kuma abin da ya fi tarawa muni, wato inda abu ɗaya yake buɗe wa ɗaya ƙofa. A shekarar 1976 a ƙasar Pakistan, ma'aikata kimanin 7,500 suna feshin maganin sauro mai suna malatiyon domin yaƙi da zazzaɓi. An zaɓi wannan magani ne domin an san bai cika cutar da mutum ba, gama hanta tana da hanyar warware shi da sauri. Amma fiye da 2,500 daga cikinsu suka kamu da guba, 5 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar wani gurɓataccen abu ya tsiro cikin maganin, musamman inda ya daɗe a ajiye cikin zafi, aikin wannan abu kuwa shi ne ya ɗaure hannun hanta, ya hana ta warware malatiyon ɗin. Haka kuma binciken da aka buga a 1979 a kan ma'aikatan asbesto na Amurka da Kanada ya nuna cewa ƙurar asbesto tana ninka haɗarin mutuwa da sankarar huhu kimanin sau 5, shan taba kimanin sau 10, amma wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya kai kimanin sau 50.

Misalin da ya fi kusa da rumbunanmu shi ne na aflatoksin, gubar da funfuna take haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi lafiyar maza fiye da 18,000, sakamakon da aka buga a 1994 kuma ya nuna cewa wanda aka sami alamar aflatoksin a jikinsa haɗarin sankarar hanta ya ninka masa kimanin sau 3, mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B kimanin sau 7, wanda ya haɗa biyun kuwa kusan sau 60. A nan guba ce ta gamu da ƙwayar cuta, amma darasin ɗaya ne. Mu da muke ƙasar gyaɗa, inda kuma ciwon hanta nau'in B ya yawaita, bai kamata mu wuce wannan lissafi da sauri ba.

Gaskiya ta wajabta mu ƙara da cewa irin wannan ninkawa ba ita ce ta kullum ba. A ƙananan adadin da ake samu cikin ruwa da abinci, masana sun fi samun tarawa kawai, wani lokaci ma abu ɗaya yakan rage ƙarfin ɗaya. Kuromiyam ɗin da ake jima da shi ma bai kai wani nau'insa dafi ba. Ba mu rubuta wannan domin kowa ya ji tsoron kwanon abincinsa ba. Amma tarawa kaɗai ta isa ta rushe hujjar mai cewa, “Nawa bai kai ba.”

Abin da ya sa hujjar nan take da daɗin riƙewa shi ne, irin wannan cuta ba ta da shaida. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Guba ɗaya ce, mai yawa, mai saurin kisa, likitocin ƙungiyar MSF suka ga sababbin kaburburan yara, aka auna jini, aka kama mai laifi da sunansa. Cutar haɗe-haɗe ba ta zuwa haka. Takan zo bayan shekara 15 ko 20, da kamannin ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko rashin haihuwa, ko yaron da ba ya gane karatu. Ba likitan da zai iya nuna wa mutum cewa kashi kaza na ciwonsa daga majema ne, kashi kaza daga lambu. Mu kuwa sai mu ce ƙaddara ce, ko mu soma zargin wata tsohuwa a unguwa da maita.

Yanzu mu koma ga lamiri. Malaman Ikilisiya masu nazarin halin kirki ba su san kadmiyam ba, amma sun daɗe da sanin wannan matsala ta wata ƙofa, wato ƙananan sace-sace. Misalinsu shi ne ɗan kasuwa mai ƙwange a ma'auni, irin wanda yake bubbuge gindin mudu. Abin da yake rage wa kowane mai saye bai fi cikin tafi ba, ba wanda zai kwana da yunwa saboda shi. Shin zai iya cewa bai taɓa yin babban zunubi ba, tun da kowace sata tasa ƙarama ce? Akwai malaman da suka so su sassauta masa. A watan Maris na shekarar 1679 Paparoma Innosent na 11 ya haramta koyarwa 65 na masu sassauci, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce mai cewa wanda ya tara dukiya ta ƙananan sace-sace ba ya ƙarƙashin babban wajibi na mayar da ita, kome yawanta. Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda ya rasu a 1787, ya bi wannan hanya a koyarwarsa: ƙananan abubuwa suna haɗuwa su zama babba. Wato lamirin Ikilisiya ya san lissafin tarawa shekara ɗaruruwa kafin masu gwajin yisti.

Sai dai a misalin mudu ɓarawon ɗaya ne. Yaya idan ɓarayin suna da yawa, wanda aka cuta kuwa ɗaya? Wannan ma sun tattauna shi: mutanen gari suna wucewa ta gonar mutum guda, kowa ya karyi zangarniya ɗaya, har gona ta ƙare. Suka ce idan da haɗin baki aka yi, kowannensu yana ɗauke da laifin duka. Idan babu haɗin baki kuwa, yawancinsu sun sassauta, sun kuma saɓa wa juna game da mutumin da ya san sarai cewa wasu ma suna karya.

A ganinmu, sassaucin nan ba zai ƙetaro zuwa batun guba yadda yake ba, dalilinmu kuwa biyu ne. Na fari, zangarniya dukiya ce, ana iya biyanta, ƙodar yaro kuwa ba a biyanta. Na biyu ya fi zurfi. A gona, zangarniyar da wani ya karya ba ta ƙara wa ta ɗan'uwansa girma; ɗaya da ɗaya biyu ne har abada. A cikin jiki kuwa mun ga cewa abin da wani ya zuba yana iya canja aikin abin da wani ya zuba, kamar yadda ya faru a Pakistan, kamar kuma aflatoksin a hantar da ƙwayar cuta ta riga ta raunana. Saboda haka ba wanda zai iya auna rabonsa a keɓe ya ce ga iyakar ɓarnarsa. Nauyin abin da ya zuba ya dogara ga abin da ya tarar a cikin rijiyar. Cokali ɗaya a tulu wofi ba komai ba ne, a tulun da ya cika har baki kuwa shi ne yake zubar da ruwa. Wanda ya san rafin ya riga ya ƙazantu, ba shi da ikon ya yi lissafi kamar shi ne na farko da ya iso bakinsa.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jinta: “Fada, ko na daina, sauran ba za su daina ba, ruwan kuma ba zai canja ba.” Akwai gaskiya a cikin maganar, shi ya sa take da wuyar turewa. Amma a lura, kowane ɗaya daga cikin masu zubawa yana iya faɗin wannan magana da gaskiya daidai wa daida. Idan ta wanke ɗaya, ta wanke duka, sai mu wayi gari da cuta wadda ba wanda ya yi ta. Hujjar da take kai mu ga cewa an cuci mutum amma ba wanda ya cuce shi, lalle akwai ɓaraka a cikinta. Abin da maganar take nunawa a gaskiya shi ne, dainawar mutum ɗaya ba ta isa ba, yana da wajibi na biyu a kan na fari, wato ya nemi sauran su daina tare. Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya yi bayani a wasiƙarsa ta 1984 a kan sulhu da tuba cewa abin da ake kira zunubin jama'a ba wani hazo ba ne marar mai shi. Laifofin mutane ɗaiɗai ne suka taru, har da na waɗanda suke da ikon hanawa suka yi shiru saboda tsoro, ko kasala, ko tunanin cewa duniya ba ta gyaruwa.

Ba muna cewa alhakin kowa daidai yake ba. Mai masana'antar da ya san abin da yake cikin ruwansa, yana da kuɗin tace shi, ya gwammace ya sake shi da dare, ba ɗaya yake da mai lambun da ba shi da wani ruwa sai na Jakara ba. Nauyi yana bin sani, da iko, da riba. Jami'in da aka ba amanar aunawa ya sa hannu a takarda bai je wurin ba, nasa ya fi na mai lambu nesa ba kusa ba. Ƙasar nan ba ta rasa hukuma ba. Bayan da aka jibge dattin guba daga Italiya a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tilasta bin ƙa'idodi. Amma ko an bi ƙa'idar sau da ƙafa, idan bututu-bututu take aunawa, ba mai tambaya nawa ne jimillar abin da rafin ya ɗauka.

Saura batun shakka, gama mai zubawa yakan ce, “Ba a tabbatar nawa yana cutarwa ba.” Sau da yawa gaskiya ya faɗa, mun kuwa ga dalili: ba za a taɓa gama gwada haɗe-haɗen ba. A nan ma akwai tsohon misali da ake koya wa masu shirin zama firistoci. Maharbi ya ga motsi a cikin ciyawa, bai tabbata ko gada ce ko mutum ba. Ko da ya fi zaton gada ce, ba shi da izinin sakin kibiya, domin inda ran wani yake cikin haɗari, zato mai ƙarfi bai isa ba. Sai dai kada mu ja misalin fiye da tsawonsa. Maharbi yana iya komawa gida hannu wofi ya kwana lafiya. Manomin da ya bar feshi gaba ɗaya yana iya rasa wakensa, gidan da ya bar maganin sauro yana iya binne yaro saboda zazzaɓi, garin da ya rufe majemu ya jefa dubban magidanta cikin rashin aiki. Ba a rayuwa ba tare da wani haɗari ba, wanda kuma ya ce a hana kome bai taɓa ciyar da iyali ba.

Abin da misalin maharbi yake koya mana shi ne wanda ya kamata shakkar ta hau kansa. Mai kibiya shi ne zai tsaya ya duba, ba a ce wa na cikin ciyawa ya tabbatar shi mutum ne ba. A al'amarin guba kuwa mun juya abin: mai riba yana ci gaba har sai marar lafiya ya kawo hujja, hujjar da muka riga muka ga ba ta samuwa. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wani ne yake ɗebowa, bakin wani yake ƙonewa. Bakin da yake ƙonewa kuma galibi na matalauci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya sau 4 zuwa 5 fiye da na babba, yaron da ba ya samun abinci mai gina jini da ƙashi kuwa nasa ya fi haka, ba a kuma san wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa ba. Yunwa ma ashe tana cikin haɗin. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan diklobos da ake samu a cikinsa. Su suna da ma'auni a bakin tashar jirginsu. Buhunan da ba su je Turai ba, ba wanda ya auna su, a kasuwanninmu aka sayar, mu muka ci.

Tsofaffin malaman ba su tsaya ga faɗin laifi ba, sun tambayi yadda za a mayar. Ɗan kasuwa mai ƙwange ba zai iya neman kowane mai saye ya biya shi cikin tafinsa ba, sai suka ce ya riƙa cika mudu har ya yi tozo ga mutanen wannan kasuwa, ko ya rage farashi, ko ya ba matalautan wurin. Mayarwar tana komawa ga jama'ar da aka cuta, ko da ba a san fuskokinsu ba. Haka yake a nan. Mai masana'anta ya gina wurin tace ruwa, ya kuma sa hannu a haƙa wa mutanen ƙasan rafi rijiyar burtsatse. Manomi ya daina gauraya magani uku ko huɗu a famfon feshi ɗaya bisa ga shawarar mai shago, ya kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, kada kuma jarkar magani ta zama ta ruwan sha. Mai adana wake ya koma ga buhu mai leda biyu a ciki ko durom mai murfi, inda rashin iska yake kashe ƙwari ba tare da magani ba. Uwargida da ta tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa ta zubar da ita, kada ta mai da ita ƙuli-ƙuli ko ta sayar wa mai yin mai da araha. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin alluran yara a Nijeriya tun 2004, ta fari kuwa a cikin awa 24 bayan haihuwa ake so a yi ta; wanda ya kai jaririnsa ya cire ɗaya daga cikin abu biyun da suke ninka juna. Asibitocinmu da makarantunmu na mishan su ma su duba inda suke zubar da magungunan da suka lalace da tsofaffin baturan sola.

Majalisun coci da Zumuntar Mata da suke da rijiya kusa da rafi, ko gareji, ko gonar da ake yawan feshi, suna iya haɗa kuɗi su kai ruwan a gwada a jami'a ko hukumar ruwa mafi kusa. A ɗebi ruwan sau biyu, a ƙarshen rani sa'ad da ya ja baya, da kuma bayan ruwan sama na fari da yake wanko ƙasa. A roƙi masu gwajin su auna dalma da kadmiyam da kuromiyam, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. Idan takarda ta fito, kada a tsaya ga ganin kowane layi yana ƙasa da iyakarsa. A sa malamin lissafi na makarantar mishan ya raba kowane adadi da iyakarsa, a tambayi ma'aikacin lafiya waɗanne ne suke taɓa gaɓa ɗaya, kamar dalma da kadmiyam da suke haɗuwa a ƙoda, a tara nasu. Idan jimillar ta haura 1, a fara nema wa jarirai da mata masu ciki wani ruwan, sa'an nan a ɗauki takardar a kai wa hukuma.